Babi na Huɗu: Idan Tsaka Ta Shiga Saɓa

"Me ya sami tsakata? Jiya da dare launinta garau, rawaya da ɗigo-ɗigon baƙi, yau kuma ta wayi gari ta yi fari-fari, ta ƙi cin abinci, ta shige maɓoyarta ta ƙi fitowa. Ko ciwo ne ya kama ta?"

Kusan duk sabon mai kiwon tsaka sai ya yi wannan tambaya a watansa na farko, kuma hankali a tashe yake yin ta. Ka kwantar da hankalinka, lafiyarta ƙalau, saɓa ce ta zo. Da mutum ya ji haka kuwa sai ya sake wata tambayar: "To, me zan yi mata?" Wannan babi amsar tambayar ce. Za ka ga cewa mafi yawan taimakon da tsaka ke buƙata tun kafin ranar saɓa ake yin sa, kuma sa hannu a jikinta shi ne mataki na ƙarshe, bayan komai ya gagara. Kamar yadda muka yi a babin da ya gabata, a kan tsaka mai zanen damisa za mu gina bayanin, domin da ita yawancin masu kiwo ke farawa.

Me ya sa take saɓa?

Wanda ya tashi a karkara ya san saɓar maciji, ya sha cin karo da ita a gona ko a gindin danga. Abin da maciji ke yi shi tsaka ke yi, haka ma ƙadangare da hawainiya da damo. Saman fatar waɗannan dabbobi matacce ne, da sinadarin keratin aka yi shi, wato irin wanda ke cikin farcenmu da gashinmu. Yana kare jiki daga ƙujewa, yana hana ruwan jiki fita, amma ba ya girma tare da dabbar, kuma yana tsufa. Mu ma 'yan Adam muna zubar da tsohuwar fata, sai dai namu kaɗan-kaɗan ne a kullum, shi ya sa ba ma lura. Ita tsaka tara nata take yi, ta fitar da shi lokaci guda.

Idan lokaci ya gabato, sabuwar fata takan gama ginuwa a ƙarƙashin tsohuwa. Daga nan sai jiki ya saki wani ɗan ruwa a tsakaninsu ya raba su. Wannan rabuwar ce ke dusar da launi, domin tsohuwar fata ta ɗago ta rufe kyan da ke ƙasa. Ka riƙe wannan batu da kyau, don duk abin da zai biyo baya a kansa ya rataya. Idan jikin tsaka na da isasshen ruwa, wurin da take kwana kuma na da danshi, tsohuwar fata takan yi laushi ta saɓule salin-alin. Idan babu, sai ta bushe ta ƙame a jiki.

Ƙaramar tsaka mai girma da sauri takan yi saɓa duk mako ɗaya ko biyu. Babba kuwa sai bayan mako huɗu zuwa takwas. Tunda tsaka mai zanen damisa kan kai shekara 15 zuwa 20 idan ta sami kulawa, ka ga wannan aiki ne da za ka gani sau da dama. Gara ka iya shi tun yanzu.

Alamun da za ka gani

Alama ta farko ita ce dusashewar launi. Takan fara kaɗan-kaɗan, cikin kwana ɗaya zuwa uku kuma tsakar ta yi fari gaba ɗaya, fatar ta yi sako-sako a wuya da gefen ciki. Sau da yawa takan rage cin abinci ko ta daina ɗungurungum. Takan yawaita ɓuya. Wadda ta saba hawa hannunka ba gardama za ka ga ta fara guje maka, wata ma har ta buɗe baki ta yi maka 'yar ƙara.

Duk wannan ba abin damuwa ba ne. Abin da ya kamata ka yi a waɗannan kwanaki shi ne ka ƙyale ta. Kada ka ɗauke ta don wasa, kada ka ɗaga maɓoyarta kowane lokaci kana leƙe. Idan ka saka mata gyare ba ta ci ba, ka kwashe su kafin ka kwanta, domin gyaren da ya kwana da yunwa a cikin akwatin kiwo yakan ciji tsaka, kuma sabuwar fata ba ta da ƙwari.

Yadda take yi da kanta

Yawanci da dare take saɓa, shi ya sa mutane da yawa kan shekara suna kiwo ba su taɓa gani da idonsu ba. Idan ka yi sa'a ka same ta a kan aikin, za ka sha kallo. Takan fara goga hancinta a jikin dutse ko gefen maɓoya har fatar ta tsage a bakin leɓe. Ta ci gaba da gogawa, fatar kai ta naɗe ta koma wuya. Sai ta lanƙwasa jiki, ta cafki gefen fatar da baki, ta ja, ta haɗiye. Idan ta zo kan ƙafa, takan riƙe fatar da haƙora tana janye ƙafar baya a hankali, har yatsu su zare. Haka za ta bi jikin har wutsiya. Wani lokaci ko awa ɗaya ba a yi ta gama, wani lokaci kuma ya ɗauke ta dare guda.

Cinye saɓar da take yi ɗabi'arta ce, kada ka ƙwace. Masana na ganin tana yin haka ne don ta maido da ɗan abin amfanin da ke cikin fatar, kuma don kada ta bar alamar da za ta nuna wa maƙiya inda take. Saboda haka idan ka wayi gari ka ga launinta ya dawo tas amma ba ka ga ko ɓarɓashin fata a akwati ba, aiki ya yi kyau ke nan. Abin da take so daga gare ka a nan ɗaya ne: a samu dutse mai ɗan kaushi ko ɓawon itace a cikin akwatin, wanda za ta goga jiki a kai, amma mara kaifi.

Dabbar busasshiyar ƙasa da danshi

A nan ne sababbin masu kiwo da yawa ke yin kuskure. Sun ji cewa asalin tsaka mai zanen damisa daga busassun yankunan Afganistan da Pakistan da Iran da arewa maso yammacin Indiya take, sai su ɗauka ba ruwanta da danshi. Gaskiya ne ƙasar tata busasshiya ce, mai duwatsu da ƙarancin ciyawa. To amma a ina tsakar ke wuni? A cikin ramuka da tsagogin duwatsu, inda rana ba ta kaiwa, inda ƙasa ke riƙe laima ko da sama ta bushe ƙamas. Sai magariba ta fito farauta. Ashe ke nan wuri biyu take rayuwa a ciki: busasshen fili da rami mai danshi. Akwatin kiwo dole ya ba ta duka biyun.

A ma'aunin danshi, abin da ake so a cikin akwatin gaba ɗaya shi ne kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. A cikin wurin da za ta yi saɓa kuwa, kashi 70 zuwa 80. Zafi ma na da nasa rawar: gefe ɗaya na akwatin ya kasance da ɗumi, wajen digiri 30 zuwa 32, ɗaya gefen kuma ya sauka zuwa wajen 24 ko 26, domin tsakar da ke cikin sanyi komai na jikinta a hankali yake tafiya, har da saɓa. Ma'aunin zafi da na danshi ba su da tsada, kuma sun fi ƙiyasi nesa ba kusa ba.

Idan kuma tsaka mai kaurin wutsiya kake kiwo, wadda asalinta nan Afirka ta Yamma ne, daga Senegal har zuwa Kamaru, to ita ta fi 'yar'uwarta son danshi. Sai ka ɗaga na akwatinta zuwa kashi 50 ko fiye da haka kaɗan.

Ɗakin danshi

Riga-kafi ya fi magani, kuma riga-kafin matsalar saɓa shi ne ɗakin danshi. Haɗa shi ba wuya. Nemi robar ajiye abinci mai murfi, wadda tsakar za ta iya shiga ta juya a ciki ba tare da takura ba. Ka huda ƙofa a gefe ko a murfin, daidai yadda za ta wuce, sannan ka goge bakin ƙofar har kaifinsa ya mutu. A ciki ka shimfiɗa takardar goge hannu mai kauri ninki uku ko huɗu, ko gansakuka irin wadda masu sayar da kayan kiwo ke sayarwa, ko dakakken zaren ɓawon kwakwa. Ga sabon mai kiwo, takarda ta fi sauƙi, domin da ta yi datti za ka gani, kuma ba a cika samun tsaka ta haɗiye ta ba.

Ka jiƙa shimfiɗar, ka matse. Gwajin shi ne: idan ka damƙe ta a hannu ka ji laima amma ruwa bai ɗiga ba, ta yi daidai. Ajiye robar a tsakiyar akwati ko kusa da gefen ɗumi, domin ɗumin ne zai tayar da danshin ya cika ta. Ɗakin nan ba na ranar saɓa kaɗai ba ne, a bar shi a ciki kullum. Tsaka ta fi ka sanin lokacin da take buƙatarsa, kuma za ka ga ta tare a ciki da zarar launinta ya fara sauyawa. Kusa da shi kuma kada a rasa ƙaramin mazubin ruwan sha mara zurfi, ana sauya ruwan kowace rana.

Hunturu da damina

Mai kiwo a Kano ko Sakkwato ko Damagaram yana da abin da zai lura da shi na musamman. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan busar da komai, danshin iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Shimfiɗar da ka jiƙa da safe tana iya bushewa kafin dare. A wannan lokaci sai ka riƙa taɓa ta safe da yamma, kana fesa mata ruwa. Ka kuma lura da sanyin asuba, kada akwatin ya kwana kusa da taga. Ɗakin da na'urar sanyaya ɗaki ke aiki a ciki ma haka yake busar da iska, ko da ba hunturu.

Da damina kuma lamarin juyawa yake. A watan Yuli da Agusta danshi ya wadata, matsalar ita ce hunhuna. Ka riƙa sauya takardar duk bayan kwana biyu ko uku, ka wanke robar, ka tabbatar iska na ratsa akwatin. Kada kuma tsoron matsalar saɓa ya sa ka jiƙe akwatin gaba ɗaya. Tsakar da ke zaune cikin jiƙa dare da rana tana iya kamuwa da ciwon numfashi ko ƙurajen fata. Danshi a ɗaki ɗaya, sauran wuri a bushe.

Ƙirga yatsu ashirin

Da ka ga launi ya dawo, ka ba ta kwana ɗaya cur, domin sau da yawa ita ke ƙarasa abin da ya rage. Washegari sai ka ɗauke ta ka duba ta a wuri mai haske. Ƙafa huɗu, kowace yatsa biyar: ka bi su ɗaya bayan ɗaya har ashirin. Sannan ka duba ƙarshen wutsiya, da fatar ido, da kewayen hanci da baki, da ramin kunne, da wajen dubura. Abin da kake nema shi ne farar busasshiyar fata da ta rage, musamman wadda ta zagaye gaɓa.

Me ya sa yatsu suka fi komai muhimmanci? Ka taɓa ganin wanda zobe ya matse wa yatsa? Yatsan kan kumbura, ya yi ja, ya fara zogi, har sai an sa sabulu ko an je wurin maƙeri ya yanke zoben. Haka ragowar saɓa ke yi wa yatsan tsaka, har ma ta fi, domin tana bushewa tana ƙara tsukewa. Idan ba a cire ba, saɓa ta gaba ta zo ta ɗora wani zoben a kan na farko. Jini ya daina kaiwa ƙarshen yatsan, ya yi baƙi, ya bushe, ya guntule. Wutsiyar wannan tsaka idan ta yanke takan sake tsirowa, ko da yake ba ta komawa kamar ta asali. Yatsa kuwa idan ya tafi, ya tafi ke nan. Dubawar minti biyu ce ke hana wannan asara.

Idan saɓa ta maƙale

To, a ce ka duba ka ga farar fata ta zagaye yatsa biyu. Yanzu ne lokacin sa hannu, amma a hankali.

Da farko ka laushe fatar. Samo roba mai murfi mai hudoji don shigar iska, ka shimfiɗa tawul ko takarda a ƙasanta, ka zuba ruwa mai ɗumi-ɗumi, wajen digiri 28 zuwa 30. Idan ka ɗiga shi a wuyan hannunka ka ji zafi, to ya yi mata yawa. Zurfinsa kada ya wuce abin da zai rufe ƙafafunta, haɓarta ta kasance sama da ruwa. Ka saka ta, ka rufe, ka zauna a wurin kana kallonta na minti 10 zuwa 15. Kada ka tashi ka bar ta ko na ɗan lokaci.

Bayan haka ka zauna a ƙasa, a kan tabarma, don ko ta zabura ba za ta faɗo daga sama ba. Ɗora ta a tafin hannunka, yatsunka su kewaye ƙirjinta sako-sako. Kada ka kuskura ka riƙe ta a wutsiya, domin idan ta tsorata yanke ta take yi da kanta. Ɗauki tsinken audugar goge kunne, ka jiƙa shi da ruwan ɗumin, ka riƙa mirgina shi a kan yatsan daga gindi zuwa farce. Za ka ga fatar ta koma kamar ba ta da launi saboda jiƙa, gefenta ya ɗago, ta fara naɗewa tana matsawa gaba kaɗan-kaɗan har ta zare ta manne a jikin audugar. Yatsan da ya fito yakan yi ɗan ja, daga baya ya koma daidai.

Idan ka yi 'yan mintoci fatar ta ƙi motsi, ko tsakar ta fara fizge-fizge, ka tsaya. Mayar da ita ɗakin danshi, gobe ka sake. Sannu ba ta hana zuwa. Idan ka gama, wanke hannunka da sabulu, kafin aikin ma haka, domin dabbobi masu jan ciki kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela ba tare da ta nuna a jikinsu ba. Robar da ka yi amfani da ita kuma ta zama tata, kada ta koma cikin kwanukan gida.

Abubuwan da ba a yi

Ba a fizgar busasshiyar saɓa. Idan ba ta gama rabuwa da sabuwar fata ba, tare za su taso, ka bar mata rauni. Ba a kuma taya ta ɓare fata tun tana cikin farin nan, ko da hannunka na ƙaiƙayi. Ba a sa sabulu ko maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwan jiƙo. Ba a shafa mata man shafawa ko man gyaɗa ko man ja, sai dai abin da likita ya rubuta. Ba a kai allura ko almakashi ko hantsaki kusa da yatsa, balle ido.

Maganar ido ma ta daban ce. Tsakar bango da muka sani a gidajenmu ba ta da fatar ido, shi ya sa take lasar idonta don ta goge shi. Mai zanen damisa kuwa tana da fatar ido, tana ƙiftawa, kuma saɓa kan maƙale a gefenta, wani lokaci har ta taru a ciki. Iyakar abin da za ka yi a gida shi ne ka ƙara mata lokaci a ɗakin danshi. Abin da ya wuce haka aikin likita ne.

Yaushe za a je wurin likita?

Ka nemi likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba idan yatsa ko ƙarshen wutsiya ya kumbura ko ya yi baƙi, ko ido ya kwana biyu a rufe, ko ka ga ruwa ko mugunya na fita daga ido ko wani rauni. Haka nan idan ka jiƙa ta kwana biyu ko uku a jere amma fatar ta ƙi fita, ko ta gama saɓa ta shafe fiye da mako ba ta ci komai ba kuma wutsiyarta na ramewa, tunda a wutsiya take ajiye kitsenta.

Yawancin likitocin dabbobi a ƙasashenmu da shanu da awaki da kaji suka fi sabawa, don haka tun kafin buƙata ta taso ka bincika wanda ya san dabbobi masu jan ciki. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wuri ne da ya dace a fara tambaya. Zai kuma taimaka ƙwarai idan kana da ɗan littafi da kake rubuta ranar kowace saɓa da yadda ta kasance, domin da shi likita zai gane ko matsalar ta yau ce ko ta daɗe.

Idan matsalar ta ƙi ƙarewa

Saɓa ta maƙale sau ɗaya, wannan na iya faruwa ga kowa. Amma idan kowane wata sai ka zauna da auduga kana cire fata a yatsu, to jikin tsakar na gaya maka akwai abin da bai yi daidai ba. Ka fara da duba ɗakin danshi, da ruwan sha, da zafin akwati. Ka duba jikinta ko akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari da ke maƙalewa a fata. Idan duk waɗannan lafiya lau ne, sai ka waiwayi abincinta. Ƙarancin bitamin A na daga cikin sanannun dalilan da ke ɓata saɓa da idanu a wannan tsaka, kuma yakan sami wadda ake ciyarwa da ƙwari iri ɗaya kullum ba tare da ƙarin sinadarai ba. Sai dai yawansa ma illa ne, don haka ba abin da za a ɗura mata da ka ba ne.

Wannan shi ne zai kai mu babi na gaba, inda za mu duba abincin tsaka dalla-dalla: gyare da tsutsa da sauran ƙwari, yadda ake ciyar da su kafin a ciyar da ita, da yadda ake barbaɗa musu garin kalsiyam da bitamin daidai gwargwado. Amma kafin ka juya shafi, tashi ka taɓa shimfiɗar ɗakin danshin tsakarka. Idan ta bushe, jiƙa ta yanzu.